Kaina da 'Yan Dubiya

Ba iyawa ce ta sa na zama mai tsaron gida ba, tumbi ne ya kai ni. Lokacin da muka kafa ƙungiyar tsofaffin 'yan ƙwallo ta garinmu Madarunfa, an duba kowa an ba shi wurin da numfashinsa zai iya kaiwa. Da aka zo kaina sai aka ce in tsaya a raga, tunda ko ban motsa ba ina toshe wani ɓangare. Na karɓa hannu bibbiyu, har na aika Maraɗi aka sayo mini safar hannu masu ruwan goro. Duk Asabar bayan la'asar mukan haɗu a filin da ke bayan makaranta, malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikatan meri, ofishin magajin gari, da direbobi da tela guda, mu yi ta gudu a cikin rairayi muna tari.

Aikina na gaske koyar da Faransanci ne a kwalej, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a wurinmu. Da karatu nake ci, da shi nake ciyar da gida. Ina da murya, kuma na san ina da ita. In na buɗe littafi a gaban aji ina karantawa da ƙarfi, har masu wucewa ta bayan taga sukan sassauta tafiya, ko dai haka nake gaya wa kaina.

Ran da abin ya faru tsofaffin 'yan ƙwallon garin Ɗan Issa ne suka zo mana, mutanen kan iyaka, 'yan canji da masu lodin mota, waɗanda tsufansu bai kai namu ba. Abu na ƙarshe da nake tunawa, an ba su bugun kusurwa, ina tofa yawu a safar hannuna ina yi wa 'yan bayana tsawa. Abu na gaba da nake tunawa, ina zaune a bayan moto, wato babur, rigata sharkaf da ruwa, na rungume ƙugun aminina kafinta, muna wucewa ta gaban masu suyar kifi. Tsakanin waɗannan biyu ba ni da komai har yau.

Kafintan nan tare muka tashi a unguwa ɗaya. Kirista ne, dattijo a majami'arsu, shi ne kuma ɗan bayanmu na tsakiya. Allah ya ba shi kai irin turmi, kuma da wannan kan nawa ya yi karo. A hanya yake gaya mini cewa na faɗi na ɗan yi shiru, aka kwarara mini ruwan leda, wani ya fasa albasa ya kanga mini a hanci, aka tambaye ni, "Mushe, lahiya?" na ce lahiya lau. Sai aka tafa mini aka mayar da ni raga, na ƙarasa wasan. Na tambaye shi nawa aka ci mu. Ya ce in bar wannan magana sai na warke.

A gida uwar yara ta ba ni ƙwayar ciwon kai ta ce in kwanta. Ta ce na tambaye ta wa ya ci wasan har ta gaji da amsawa, ta koma ba ni amsar da ta ga dama.

Gari na wayewa 'yan dubiya suka fara sallama. Wanda bai san garinmu ba ba zai gane nauyin wannan abu ba. A wurinmu in mutum ya kwanta, ko da ƙaya ce ta soke shi, wajibi ne a zo a gan shi da ido. Wanda bai zo ba an rubuta shi a zuci, kuma za a tuna masa ranar da nasa ya kwanta. Mai jinya kuma yana da nasa aikin: ya tashi zaune, ya miƙa hannu, in an ce "yaya jiki?" ya ce "da sauƙi". Babu wata amsa bayan wannan. Na sha zuwa duba mutane suna fitar da numfashi da ƙyar suna cewa da sauƙi, mu kuma mu ce madalla.

Gaskiya ni daɗi na ji. Tunda nake ban taɓa tara jama'a haka ba. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jingina ni da matashi, aka ɗora shayi. Kowa ya zauna sai ya ce, "To Mushe, yaya abin ya hwaru?" Mutumin da ya saba tsayawa gaban aji ba ya iya cewa bai sani ba. Sai na fara da ɗan abin da kafinta ya gaya mini. Wani ya ce ai ya ga na yi tsalle, na karɓi tsallen na ƙara a labari. Wani direba da bai ma je filin ba ya ce an ce na doke ƙwallon da hannu ɗaya, na karɓi wannan ma. Kafin magariba na riga na tashi sama na wuce kawunan 'yan Ɗan Issa, na ture ƙwallon da ke shirin shiga, sannan na sauko a kan kafinta. Ina ba da labarin kaina yana sara, hayaniyar 'yan shayi tana shiga mini har cikin haƙora, ina murmushi ina cewa da sauƙi.

Ranar Litinin na saka riga na tafi makaranta, don a ga namiji. Na shiga aji, yara suka miƙe suka gaishe ni, na buɗe littafi. Layukan suka ƙi tsayawa. Na kan farko ya sauko ya hau na biyu, haruffan suka riƙa rarrabuwa suna haɗewa. Na goge gilashina na sake dubawa. Na karanta jimla ɗaya da ƙyar, kafin in kai ƙarshenta na manta farkonta. Hasken taga yana sukar idona, zuciyata tana tashi. Na ce wa yara kowa ya karanta a zuci, na zauna na dafe tebur. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ba ni da gona mai kirki, ba ni da jari, ban iya ko ɗaura ƙusa ba. In karatu ya tafi, ban san me ya rage a jikina da za a kira Mushe ba.

Na lallaɓa na fita bayan aji na yi amai, na wanke baki, na ce wa daraktan makaranta zazzaɓi ne. Da na isa gida na tarar da sababbin 'yan dubiya daga garin Sarkin Yamma suna jirana. Na zauna na sake tashi sama na ture musu ƙwallo.

Uwar yara ce ta kira ɗiyarmu ta fari a waya ba tare da ta gaya mini ba. Yarinyar tana karatun likita a Maraɗi, tana shekarar ƙarshe. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Abin da ya fi ba ni kunya a zancen nan, binciken da take yi na kammala karatu a kan bugun kai ne, irin wanda 'yan ƙwallo da 'yan kokawa da 'yan dambe ke samu. Tun da ta zaɓi wannan batu nake yi mata tsiya. Na ce mata ƙasa cike da zazzaɓin sauro da gudawa, ita ba ta ga abin nazari ba sai ƙato ya gwara kai da ƙato. Takan bi filayen wasa tana tambayar waɗanda suka taɓa faɗuwa, ta dawo hutu tana ƙorafi wai babu mai gaya mata gaskiya, kowa sai ya ce ruwa kawai aka zuba masa ya miƙe. Nakan ce mata to ai shi ke nan, ta rubuta ruwa ne magani a ba ta takardarta.

Ta iso da hantsi, ta durƙusa ta gaishe ni a gaban mutane, ta ce, "Baba, yaya jiki?" Na ce da sauƙi. Ta dube ni ta dubi taron, ta ce tana son magana da ni a ɗaki.

A ɗaki ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya na rufe ido. Ban daɗe ba na kama ƙofa. Ta sa na bi yatsanta da ido, ɗakin ya juya. Ta faɗi wasu kalmomi ta ce in riƙe su za ta tambaye ni an jima. Sannan ta ce in jero mata watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko. Ni da na koya wa rabin garin nan watannin shekara, na yi Disamba, na yi Nuwamba, sai na tsaya ina kallonta kamar baƙo a tasha. Na ce mata wannan tambayar rainin hankali ce. Ta ce to kalmomin ɗazu fa? Na ce waɗanne?

Da uwarta ta tsegunta mata zancen amai, wanda ashe wata ɗalibata ta riga ta kai gida, sai ta ce mu tashi sai Maraɗi a ɗauki hoton kan. Aka tura ni cikin na'ura aka fito da ni. Likitan da ya duba ya ce babu jini, babu tsagewa, bai ga komai ba. Na juya wurin uwar yara cikin nasara na ce, "Kin ji ko? Sun duba kaina ba su ga komi ba."

Ta ce, "Ai da ni anka tambaya da ba a sha wahalar zuwa Maraɗi ba."

Uwata ba ta yi dariya ba. A cikin mota ta yi mini bayani a hankali. Ta ce hoton yana neman jini ne ko karaya, kuma mun gode Allah babu. Amma ƙwaƙwalwa tana iya girgiza a cikin ƙoƙon kai ta rikice, hoto bai nuna ba. Ba a gane wannan sai ta abin da mutum ya faɗa da bakinsa da ɗan gwajin da ta yi mini. Ta ce abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne mayar da ni raga da aka yi, don bugu na biyu a kan wanda bai warke ba shi ne mai haɗari. Da muka wuce gonakin bakin hanya sai ta ce, "Baba, yanzu ba gaisuwa nika yi ba. Tambaya ce. Mi kake ji?"

Bakina ya riga ya ɗauko amsar da ya saba. Na haɗiye ta. Na ce mata ba na iya karatu. Na ce layuka suna yawo, ina karanta jimla tana zubewa, kuma ina jin tsoro. Ban taɓa faɗa wa ɗana ko ɗiyata cewa ina jin tsoro ba sai ranar, a kujerar baya ta motar haya, da kwandon tumatirin wani a kan ƙafata.

Ta ce yawancin mutane suna warkewa in sun ba kan hutu, amma ba ta yi mini alkawari ba. Hutu kuma ba kwanciya kawai ba. Na 'yan kwanakin farko babu waya, babu talabijin, babu littafi, babu hayaniya, babu doguwar hira. Ta ce abin da nake yi tun ranar Lahadi, wato zama cikin taro ina ba da labari daga safe har yamma, shi ne daidai abin da ke hana kan komawa wurinsa. Dole a tsayar da dubiya.

Nan uwar yara ta yi tsalle ta dire. "A ce gidan Mushe an rufe ma 'yan dubiya ƙohwa? Da wane ido zan dubi mutane wurin biki? Cewa za a yi ko ya haukace muna ɓoyonai, ko mun yi arziki mun raina mutane." Ni ma a raina ina bayanta, ba don kunyar mutane kaɗai ba. Akwai 'yan meri da ba su ji labarin tsallena ba tukuna.

Kafinta ne ya raba gardamar. Ya zo da yamma ya ji abin da ake ciki, ya shafa ƙullutun da ke goshinsa ya ce ai rabin ciwon nasa ne, don haka rabin gaisuwar ma tasa ce. Zai zauna a zaure ya karɓi dubiya a madadina. Duk wanda ya zo ya ga ƙullutu, ya yi addu'a, ya sha ruwa, ya tafi da hakkinsa cikakke. Haka kuwa aka yi. Ya bar shagonsa a hannun yaransa, ya kawo kujerar da ya ƙera da kansa ya kafa a zaurena. Liman ya zo ya same shi a nan, fastonsu ma ya zo ya same shi a nan, duka suka yi masa sannu da jikina.

Abin da ba a lissafa ba, ɗakin da aka kwantar da ni bango ɗaya ne ya raba shi da zaure. Ina kwance an saki labule, sai na ji wani ya ce a ba shi labarin yadda Mushe ya tashi sama. Kafinta ya yi gyaran murya. Mutum ne da ba ya ƙarya ko a wasa, wannan ne babban aibinsa. Ya ce shi dai bai ga tashi sama ba. Ya ce ƙwallon ta riga ta fita waje, alƙali ya busa, kowa ya tsaya. Shi ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, sai ga Mushe ya taho a guje ido rufe yana ihu "bar min ita!", shi kuma ya ɗago ya ga ko lafiya. A nan kawunan suka haɗu.

Zauren ya ɗauki dariya. Na yunƙura zan tashi in kare mutuncina, Uwata da ke zaune bakin ƙofa ta ɗaga yatsa ɗaya, na koma na kwanta. Haka na yi ta jin wannan labari ta cikin bango, safe da yamma, ba a ƙara masa komai ba a rage. Ko gishiri kaɗan kafinta bai sa mini ba, duk zaman da muka yi.

Mutum ɗaya ne ya ƙi tsayawa a zaure, kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya taso daga garin Gabi a bayan amalanke. Ya ce bai baro gonarsa don ya duba goshin kafinta ba. Uwata ta fita ta durƙusa ta yi masa bayani, ya ce, "Ke da ki ke da sunan yayata za ki hana ni ganin ɗanta?" Aka daidaita a kan zai shiga amma ba zai yi magana ba. Ya shigo ya zauna a gefen katifa, ya kama hannuna ya riƙe. Tsohon da ba a taɓa jin bakinsa ya huta ba ya zauna shiru, yana kallona yana motsa leɓe. Hannunsa kaushi, da ɗumi. Can ya kasa daurewa, ya sunkuyo ya raɗa mini, "Da girmanka da gemunka, mi ya kai ka bin balo?" Ƙwallo yake nufi. Sannan ya tashi ya fita. Duk cikin dubiyar da aka yi mini babu wadda ta shiga raina kamar wannan.

Warkewar ba ta zo da sauri ba, kuma ni ba majinyacin kirki ba ne. Na taɓa sace wayar uwar yara na leƙa saƙonni, kan ya sara har na rantse ba zan sake ba, washegari na sake. Da ciwon ya fara lafawa Uwata ta ce kwanciya ta isa haka, zama cikin duhu ma in ya yi yawa ba ya taimako. Ta riƙa fita da ni da sassafe muna takawa a hankali ta bakin tabki, muna kallon masunta suna jan koma. Ta ce in gwada karatu kaɗan kaɗan, layi biyu ko uku, da na ji kan ya fara nauyi in rufe in huta. Wata rana layukan su tsaya, wata rana su yi ta rawa. A ranakun rawar ba na son kowa ya yi mini magana. Nakan zauna in riƙa lissafa sana'o'in da mutum zai iya yi ba tare da ya duba takarda ba, in ga babu wadda za a ɗauke ni.

Na tambaye ta ko zan samu zuwa wasan ramuwa a Ɗan Issa. Ta ce ba maganar fili sai komai ya ɗauke sarai, sannan a koma mataki mataki, kuma aji ne farko. Aka sa tela a raga. Labari ya zo mini cewa ba a ci shi ko ɗaya ba, har ana cewa ashe da can wurin ne matsalar ƙungiya. Wannan ya yi mini zafi fiye da goshin kafinta.

Kafin ta koma Maraɗi ta tambaye ni ko na yarda ta sa ni cikin waɗanda ta yi bincike a kansu, ba tare da suna ba. Na ce ta sa, amma ta rubuta cewa a wurin ceton ƙungiya abin ya same ni. Ta ce binciken ba ya karɓar irin wannan bayani.

Da ta ba ni izinin komawa makaranta, ta waya, ta ce aji ɗaya kawai a rana tukuna. Na shiga da littafin a hammata kamar sabon malami. Yara suka miƙe suka gaishe ni. Darasin ranar wani guntun labari ne a kan manomi da ke jiran ruwan shuka, wanda na yi shekara da shekaru ina karantawa ina hamma, har nakan ce wanda ya rubuta shi bai taɓa riƙe hauya ba. Na buɗe shafin na duba. Layin farko yana wurinsa. Na biyu ma yana ƙarƙashinsa, bai motsa ba. Na fara karantawa da ƙarfi, na kai ƙarshen jimla da farkonta a kaina, na shiga ta gaba. Manomin ya fito ya dubi gabas, matarsa ta auno iri, hadari ya haɗu. Ina isa wurin da ɗigon farko ya sauka sai muryar nan tawa da nake taƙama da ita ta karye, na tsaya.

Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Mushe, lahiya?"

Na cire gilashi na goge ido na ce ƙurar alli ce. Ban ko taɓa allin ba tukuna.